Injin tace iska da na saya wa Mma a Ankara ta Ghana: yana aiki, amma sai ka toshe luba

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hunturun bana ya shigo mutane ke tare ni a unguwa suna tambaya, wai injin nan na tace iska da na saya wa Mma, mahaifiyata, yana aiki kuwa ko dai kuɗi kawai aka zubar, to bari na faɗi abin da na gani da idona sau ɗaya kowa ya huta. Yana aiki. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne masu shago ba sa faɗa maka sai ka biya ka kai gida.

Injin fari ne, zagayayye, tsayinsa ya ɗan wuce gwiwa, jikinsa duk ƙananan ramuka ne inda iska ke shiga, sai ta fita ta sama. In ka buɗe gindinsa za ka zaro filta guda mai hawa uku, raga a waje da ke kama gashi da zare da irin tarkacen nan, a tsakiya farar takarda mai ninki-ninki wadda ake ce ma HEPA, ita ce mai aikin gaske, can ciki kuma baƙin gawayi na shanye wari. A samansa akwai ɗan allo da ke nuna lamba, da fitila mai canza launi, kore in iska ta yi kyau, ruwan ɗorawa in ta fara lalacewa, ja in abu ya ɓaci. Ba zan kama sunan kamfani ba don irinsu sun cika kasuwa, yawanci 'yan Chaina ne kuma ƙirarsu kusan ɗaya ce, abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Mma tana da asma tun da daɗewa. Da damina lafiyarta ƙalau, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, amma da zarar Disamba ta kama shi kenan bacci ya ƙare a gidanmu, tari ne tun bayan isha'i har asuba, ƙirji na kuka, inhela a ƙarƙashin matashin kai. Gidanmu a Nima yake, irin gidan nan na mutane da yawa, tsakar gida ɗaya, kowa da ɗakinsa da barandarsa, tagogi duk luba ce, wato gilashi falle-falle a jere da ake buɗewa ana rufewa, da ragar sauro. Wanda ya san Nima ya san abin da nake nufi, ga titi kusa, ga motocin haya na trotro, ga masu suya da dare.

Shagon da na saya yana wajen Zongo Lane inda ake saida kayan wuta, na wani Alhaji ne dattijo, mutumin kirki gaskiya, ya bar ni na zauna ya sa yaronsa ya jona injin a soket ya kunna mini, har ya ƙyasta ashana ya hure ta kusa da shi don na ga lambar ta yi sama fitilar ta koma ja, sannan a hankali ta dawo kore. Wannan ya burge ni don wasu ko kwali ba za su bari ka buɗe ba. Muna cikin ciniki sai wani bawan Allah da ya zo sayen waya ya sa baki, ya ce, "Malam, kai ma dai da ɓarnar kuɗi. Wannan ai na mutanen Tamale da Bolga ne. Mu nan bakin teku muke, iskar teku na wanke mana komai." Alhaji ya yi murmushi ya ce masa, "Ɗana, je ka bakin teku a Jamestown da safe ka duba ko za ka hango ƙarshen ruwa."

Maganar mutumin nan ita ce maganar rabin mutanen Ankara, kuma ita ce ta sa nake son na tsaya a nan sosai kafin na koma kan injin, don in ba ka gane wace irin ƙura ce ke iso mu ba, ba za ka gane me kake saye ba.

Ƙurar hunturu ba a Ankara take tsayawa ba, wucewa take yi ta kanmu ta shiga teku. Kawuna, ƙanin Mma, ya yi aikin jirgin ruwa zamanin Black Star Line, kuma tun muna yara yake ba mu labari cewa a watan Janairu suna can tsakiyar ruwa, ba ƙasa ko ta ina, kwana da kwanaki da barin Tema ko Takoradi, amma in gari ya waye sai su tarar da jar ƙura ta kwanta a kan dakalin jirgi da igiyoyi da gilashin ɗakin kyaftin, sai an sa su wankewa da ruwan teku, gobe kuma ta dawo. Ya ce rana takan fito fara fat ba zafi, kana iya kallonta da ido, kuma jirgi na iya zuwa kusa da ku ba ku gan shi ba sai dai ku ji ƙahonsa. Kuma ba shi ya fara gani ba. A 1832 Charles Darwin yana cikin jirgin Beagle wajen tsibiran Cape Verde, ɗaruruwan kilomita daga gaɓar Senegal, ya ga wannan ƙurar na sauka a jirgi har ya tattara ta ya adana. Wato abin da masuntan Chorkor da Jamestown ke fama da shi in hazo ya rufe musu gaɓa suna cikin kwale-kwale, tsohon abu ne.

Asalinta kuma nesa ne sosai. Babban wurin da ta fi tashi ana ce masa Bodele, a arewacin Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi na yanzu. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce wurin nan ruwa ne, wani ƙaton tafki da girmansa ya fi ƙasar Ghana gaba ɗayanta, da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi wadda yawancinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, ba nauyi gare ta ba ko kaɗan. To daga arewa maso gabas kuma akwai duwatsu biyu, Tibesti da Ennedi, iskar hunturu in ta taso sai ta matse ta bi ta tsakaninsu, kamar dai ka danne bakin tiyo da yatsa ka ga ruwa ya fita da ƙarfi, haka take faɗowa kan busasshen tafkin nan ta kwashe shi. Ana lissafin kusan kwana 100 a shekara wurin nan yana tada ƙura, kuma masana da yawa na cewa babu wuri guda a duniya da ya kai shi. Daga nan ta biyo ta Nijar da arewacin Najeriya, su Maiduguri da Kano, ta Burkina, ta shigo mana ta Bawku da Bolga da Tamale, ta sauko Kumasi, ta iso nan. A hanya kuma tana haɗuwa da hayaƙin gobarar daji, don lokacin ne ake ƙona ciyawa ko ta ina a arewa, tsofaffinmu har yau in an yi maganar fari da gobara sai sun kawo 1983, shekarar da wuta ta cinye gonakin koko.

Abin da ya sa mutanen Ankara ke ganin kamar mun tsira shi ne, iskar arewa busasshiya da iskar teku mai laima suna haɗuwa ne a wani layi, da damina layin nan yana can arewa sosai shi ya sa muke samun ruwa, da hunturu kuma sai ya sauko har kusa da gaɓa, wani lokaci ya tsallaka cikin teku, ranar da ya tsallaka ita ce ranar da za ka tashi ka ji leɓenka ya bushe ka kasa hango dogayen gine-ginen Airport City. Ranar da bai tsallaka ba kuma iskar teku na shigowa ta ƙasa da rana, jiki ya ji daɗi, amma ƙurar tana nan a sama tana wucewa, tana kuma zubowa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa hunturunmu bai kai na Tamale sanyi da kaushi ba, wannan gaskiya ne, amma ba wai babu ba ne. A Fabrairun 2020 hazo ya rufe Legas, ita ma ai bakin teku take, har jiragen sama na ƙasashen waje da za su sauka can aka riƙa karkato su filin jirgin Ankara. A Fabrairun 2023 kuma mu aka rufe, sai da hukumar kula da muhalli ta EPA ta fitar da gargaɗi a sa takunkumi, masu asma da tsofaffi da yara su rage fita.

Yawan abin da ke shiga tekun ma abin mamaki ne. Masana na NASA sun auna da wani tauraron ɗan adam mai suna CALIPSO, suka fitar a 2015 cewa a shekara kusan tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma ta hau kan Tekun Atlantika. Wata ta zube a ruwa a hanya, kusan tan miliyan 27 da wani abu kuma ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, wajen su Brazil, ɗauke da sinadarin fosfaras kusan tan 22,000 wanda taki ne ga dajin, don ruwan sama na wanke nasu. Wadda ta zube a teku ita ma tana da sinadarin ƙarfe da ƙananan tsirran ruwa ke buƙata, su kuma kifi ke ci. Akwai ja-in-ja tsakanin masanan kan ko ta Bodele ce ta fi isa Amazon ko ta yankin El Djouf na Mauritaniya da Mali, amma kan cewa tana tsallake tekun babu musu. Da hunturu takan bi ƙasa-ƙasa ta nufi Kudancin Amurka, da bazara zuwa damina kuma ta hau sama sosai ta nufi Karebiyan da Florida, a tsibirin Barbados tun 1965 ake tara ƙurar Afirka ana aunawa, kuma a Yunin 2020 wata ƙatuwa ta rufe su Puerto Rico har suka yi ta ba mutanensu irin gargaɗin da ake ba mu. Allah mai iko. Ƙasar da ke raya daji a wata nahiya ita ce ke hana tsohuwata bacci a Nima.

To ga inda maganar ta shafi injin. Ƙura mai nauyi, mai yashi-yashin nan da kake ji a haƙori, ba ta tafiya nesa, tun a arewa take zubewa. Wadda ta iya yin tafiyar dubban kilomita har ta tsallake teku ita ce mafi laushi, kuma ita ce rabonmu mu na gaɓa. A cikinta akwai wadda ake ce ma PM2.5, sirantarta ta fi ta gashin kai sau kusan 30, gashin hanci ba ya tare ta, majina ba ta riƙe ta, kai tsaye take wucewa can cikin huhu. Ragar sauro kuwa ko a jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce a yini guda kada ta wuce 15 a ma'auninsu, kuma wannan lambar ce ɗan allon injin ke ƙoƙarin nuna maka. Ban ce ma'aunin injin gida daidai yake da na hukuma ba, ɗan ƙaramin abu ne mai araha, amma hawa da saukarsa gaskiya ne, wannan na tabbatar.

Da aka kawo shi, ɗan okada ne ya kawo har ƙofar gida bayan na tura sauran kuɗi ta MoMo, muka kunna a ɗakin Mma lambar tana sama da 100, ja wur. Ya yi ta aiki har dare lambar ta ƙi sauka sosai, tana yawo a ruwan ɗorawa. Dalili luba. Luba ko ka rufe ta ba ta rufuwa, tsakanin gilashi da gilashi akwai kafa, wasu ma sun karye an cusa kwali, ga ƙarƙashin ƙofa, ga wajen silin, wato injin yana tace iskar Nima ce gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ya kamata a ce mai shago ya faɗa tun farko, don gidajen zango nawa ne ke da tagar silaidin? Sai muka samo farar leda mai kauri irin ta shimfiɗa a tebur muka rufe tagar baya da ita daga ciki, muka bi gefe da salatif, tagar gaba muka sa mata labule mai nauyi, ƙarƙashin ƙofa kuma tsohon tawul a naɗe. Nan fa aka ga aiki. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba lambar ta faɗo ƙasa da 20, fitila kore, kuma ta zauna a nan muddin ba a ta buɗe ƙofa. Amma ka sani ɗaki in an toshe shi haka zafi yake yi, Ankara ce, ko da hunturu da rana akwai zufa, don haka dole fanka na aiki, kuma da hantsi in iskar teku ta taso mukan buɗe komai na ɗan lokaci iska ta canza sannan a sake rufewa. Injin ba ya sanyaya ɗaki, ba esi ba ne, na ga mutane na ruɗewa a kan wannan.

Tarin Mma na dare ya ragu sosai, wannan ba zan ɓoye ba, kuma shi ne abin da na biya kuɗi dominsa. Da can sai ta tashi zaune sau da yawa kafin asuba, yanzu yawancin dare tana kaiwa kiran sallah. Inhelarta tana nan ba mu ajiye ba, nas ɗin da ke duba ta a asibiti ta ja mana kunne a kan haka, ta ce injin taimako ne, magani kuma magani ne, kada a haɗa. Duk wanda ya ce maka injin na warkar da asma ƙarya yake yi.

Abin da bai yi wa kowa daɗi ba a gidan shi ne abin da injin ya tona. Turaren wuta. Mma ba ta kwana sai an zagaya ɗaki da kasko, al'adarta ce tun tana amarya, ranar farko da aka shigo da shi lambar ta haura abin da hazon waje bai taɓa kai ta ba, fitila ja, fankar injin ta tashi da kanta tana gurnani. Mma ta dube ni ta ce, "Kai yaron nan, wannan abin naka ba ya son ƙamshi ne?" Na ce, "Mma, ba shi ba ne, ƙirjinki ne ba ya so, shi dai ya faɗa ne." Ta yi shiru, ba ta ji daɗi ba, kuma na fahimce ta, don turare ba ƙaramin abu ba ne a wajen iyayenmu mata. Muka sasanta, yanzu da la'asar ake turara kaya da labule a baranda tana tsakar gida, kafin magariba hayaƙin ya fita ƙamshin ya zauna. Koyil na sauro kuwa ya fi turaren muni, shi mun kore shi gaba ɗaya mun koma gidan sauro. Haka in maƙwabciyarmu ta hura gawayi za ta soya ƙosai da asuba, kana kwance za ka ga fitila ta canza kafin ma ka ji ƙamshin mai.

Da na zaro filtar don na duba bayan an ɗan jima ana amfani da shi, na fito da ita rana na kalle ta da kyau. Ragar waje ta yi kauri da wani abu mai laushi launin ƙasa-ƙasa da ɗan ja, in ka shafa da yatsa ba ka jin tsakuwa ko ɗaya, sai ya bi layin fatar yatsanka ya shige, wannan ita ce baƙuwar da ta taso daga Sahara. Amma da na buɗa ninkin farar takardar da ke ciki sai na ga baƙi ne, baƙi mai maiƙo, in ka goga a farin tsumma sai ya bar zane. Wannan ba daga Chadi ya zo ba. Namu ne, hayaƙin trotro da manyan motoci, da bolar da ake ƙonawa a bakin kwata, da gawayi, da tayar da ake babbaka da ita. Wallahi wannan ya fi tayar mini da hankali, don hunturu wata uku ne ko huɗu ya wuce, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, shi kuwa baƙin nan shekara zagaye muke shaƙarsa mu da 'ya'yanmu, kuma babu mai maganarsa don ba ya rufe rana.

Ƙara ba laifi. Yana da matakin bacci wanda sai ka kasa kunne za ka ji shi, fitilar ma tana mutuwa, amma a wannan matakin aikinsa kaɗan ne, ni dai abin da nake yi shi ne na sa shi a mafi ƙarfi tun magariba ƙofa a rufe, lokacin kwanciya na mayar da shi tsakiya. A mafi ƙarfin yana da ƙara gaskiya, ba za ka ji rediyo da kyau ba. Wuta kuma ba ya ci, abin da ke rubuce a jikinsa wat 30 da 'yan kai ne, bai kai fankar sama ba, ban ga wani canji a kuɗin mita ba. Sai dai in an yi dumso, wato an ɗauke wuta, ya mutu, in wuta ta dawo ba ya tashi da kansa sai an danna, wanda ga tsohuwa mai bacci matsala ce, da yawa sai da asuba za a ga ashe tun tsakar dare a kashe yake. In za ka saya ka tambaya ko naka yana tuna inda ya tsaya, wasu suna yi. Filoginsa ma mai ƙafa biyu ne sai da na sayi adafta, kuma ina ba da shawara a haɗa shi da abin kare wuta irin na firiji don allon nan ba ya jure hawa da saukar wuta.

Akwai wani maɓalli a jikinsa na wai ayon, mai shago zai ce maka yana kashe ƙwayoyin cuta. Ni a kashe na bar shi. Wasu irin waɗannan suna fitar da iskar ozon, ita kuma tana fusata ƙirjin mai asma, to me ya kai ni. Filtar kaɗai ta isa, mai kyau da aka rubuta wa H13 tana kama sama da kashi 99 cikin 100 na abin da ya bi ta cikinta. Kuma injin ba ya ƙara laima, bushewar hanci da haɓo da fason ƙafa duk suna nan, man kaɗanya da shan ruwa ba su da madadi, Mma har yanzu tana ajiye roba da ruwa a gefen gado kuma ban hana ta ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne maganar canjin filta, kuma a nan shagon ya rage maki a wajena duk da mutuncin Alhaji. Ranar ciniki na tambaya ko akwai filta in wannan ta cika, aka ce mini akwai, ko yaushe na zo. Da na koma don na sayi ta ajiya tun kafin a shiga Janairu sosai, sai yaron shago ya ce ta ƙare, kaya na Tema ba a fito da su ba, na dawo wani sati. Na dawo, labari ɗaya. Daga baya ya fito mini da wata wai ita ma tana shiga, na ɗaga ta a hasken rana ina hango haske ta cikin takardar, ninkinta ma bai kai rabin ta asali ba, ba roba a bakinta da za ta toshe gefe, wato iska za ta bi ta gefe ta wuce abinta. Na ce masa, "Ƙanina, wannan ko kyauta ka ba ni ba zan sa wa mahaifiyata ba." Da Alhaji ya zo na faɗa masa, ya ba ni haƙuri ya ce dala ce ta sa masu kawowa ke jan ƙafa, kuma ya karɓi lambata, da ta iso kuwa shi da kansa ya kira ni, wannan na yaba. Amma kuɗinta ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin injin gaba ɗaya. Kwali ya ce wata shida zuwa shekara take yi, wannan lissafin ƙasar da ba ta san hunturu ba ne, a Nima in ta kai maka wata huɗu zuwa biyar ka gode Allah. Ragar waje kana iya goge ta da busasshen buroshi duk sati, a waje ba a ɗaki ba, ka sa takunkumi, yana ƙara mata kwana. Amma kada ka kuskura ka wanke farar takardar da ruwa, ta mutu kenan, na ga wata maƙwabciya ta yi wa nata haka ta shanya a igiya.

Wa zan ce ya saya? Wanda ke da mai asma a gida, ko tsoho mai ciwon ƙirji ko zuciya, ko jariri, kuma yana da ɗaki ɗaya da zai iya toshewa, kuma zai iya ɗaukar kuɗin filta sau biyu zuwa uku a shekara ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. A ɗakin kwana za ka sa shi, kusa da gado amma kada ka manna shi da bango, ba a falo ba inda yara ke shiga da fita. In lafiyarku ƙalau a gida kuma kuɗi sun yi wuya, ka fara da abin da ba ya cin ko sidi, a fitar da koyil, a daina ƙona bola a tsakar gida, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya da ke tada ta sama, sannan ranar da ka ga rana ta fito fara ka sa takunkumi mai kyau irin KN95 in za ka hau okada ko ka tsaya a tasha, na yadin nan da muka ɗinka lokacin korona bai cika tare mai laushin ba. 'Yan uwanmu da ke Kumasi, su Aboabo da Asawase, ku hunturunku ya fi namu ƙarfi, ku nemi wanda ya fi wannan girma in ɗakin babba ne, ku duba murabba'in mita da aka rubuta a kwali ku ɗauki wanda ya fi ɗakinku, don lissafin kwali na ɗaki ne mai rufaffiyar taga.

Kuma kafin ka tura ko pesewa ɗaya, ka ce a fito maka da filtar canji ka riƙe ta a hannunka, ka ɗaga ta a rana, ka tambayi kuɗinta, in da hali ka haɗa ta da injin a ciniki ɗaya tun watan Oktoba ko Nuwamba. In mai shago ya ce maka tana hanya, ka ce to kai ma kuɗinka na hanya, ka leƙa shago na gaba.